Lambar da Aka Yanka da Lambar da Aka Tarar

A watan Janairu na 1851, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasashen nan da suna Abdulkarim, ya sauka Tasawa tare da ayarin gishirin Abzinawa, kafin ya zarce Gazawa da Katsina da Kano. Cikin abin da ya rubuta a kan garin akwai wani aiki da ya tarar wani ɗan kasuwa yana fama da shi: ƙirgar wuri 500,000. Mutum biyar ko shida ne suka taya shi, kuma sai da aka ga bayan aikin sannan aka tashi zuwa gaida Sarki Mazawaje, wanda yake kwance ba lafiya a lokacin.

A ƙasar Hausa ba a zura wuri a zare kamar yadda ake yi a wasu garuruwan bakin teku. A zube yake. Duk wanda za a biya sai ya ƙirga abinsa, ko da an kawo masa shi a ɗaure cikin keso. Biyar-biyar ake jan sa da yatsu. Ja huɗu hauya ke nan, wato ashirin. Hauya goma tsibi guda na 200, tsibi biyar dubu, dubu ashirin kuma keso. Idan aka bi wannan tsari, kuɗin ɗan kasuwar nan ja 100,000 ne, ko hauya 25,000, ko tsibi 2,500, ko keso 25, kuma ko ta ina aka ɓullo masa ba wurin da zai yi saura a tabarma. Da a ce kowane ja daƙiƙa ɗaya yake ci, mutum guda zai yi kusan awa 28 bai ɗaga kai ba.

Wannan faɗawa daidai ba sa'a ba ce. Daga ginin lambar take.

Mutanen bakin Gulbin Kaba sun san igiya: komai kaurinta, in ka bi ta da haƙuri ka warware, za ka iske silin da aka tufka ta da su. Haka lamba take. Sha biyu uku ce sau huɗu, huɗu kuma biyu ce sau biyu, sai warwara ta tsaya, domin biyu da uku ba mai raba su sai ɗaya da su kansu. Irin waɗannan, wato 2, 3, 5, 7, 11, 13 da 'yan'uwansu, mu kira su gagara-rabo. Su ne silin kowace lamba. Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Yukilid na Iskandariyya ya kafa hujja cewa ba su da iyaka. Masana lissafi kuma sun tabbatar kowace lamba warwara ɗaya tak gare ta: ko ta wace hanya ka fara, sili iri ɗaya za ka ƙare da su a hannu.

To, mu warware 500,000. Raba ta biyu, 250,000. Sake rabawa, 125,000, sai 62,500, sai 31,250, sai 15,625. Nan biyu ta gaji, bayan ta shiga sau biyar. Biyar ta karɓa: 3,125, 625, 125, 25, 5, 1. Sau shida ke nan. Duk girman lambar nan ba komai a cikinta sai biyu guda biyar da biyar guda shida. Ma'aunan masu ƙirgar wuri kuwa, daga ja har keso, da biyu da biyar kaɗai aka yi su. Dole su shiga.

Daga silin nan ake sanin lambobi nawa ne za su raba ta ba saura, ba tare da an gwada su ɗaya-ɗaya ba. Cikin biyun nan guda biyar kana iya ɗaukar ɗaya, ko biyu, har zuwa biyar, ko ka ƙi ɗaukar ko ɗaya: zaɓi shida. Cikin biyar ɗin nan guda shida, zaɓi bakwai. Shida sau bakwai 42. Lambobi 42 ne ke raba 500,000, daga 1 har ita kanta.

Amma akwai wadda ta ƙi ƙememe, ita ce uku. A ce ɗan kasuwar nan ya rasu ya bar 'ya'ya maza uku, kowa zai tashi da 166,666, wuri biyu su zauna a tsakiya ana kallon-kallo. Malaman rabon gado sun daɗe da sanin wannan matsala. Kason da Alƙur'ani ya ambata su ne rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi, kuma mafi ƙanƙantar lambar da dukkansu za su fita daga cikinta ita ce 24, domin tana ɗauke da biyu guda uku da uku guda ɗaya. Tumunin matar mamaci yana fita daga 500,000 sumul, 62,500. Sudusin uwa ba ya fita. Yanzu cire keso guda, a bar keso 24, wato 480,000. Kuɗi sun ragu, amma uku ta shigo, kuma masu raba lambar sun tashi daga 42 zuwa 90. Girman lamba daban, sauƙin rabonta daban. Minti 60 na awa da awa 24 na kwana ma irin wannan sauƙin rabo gare su.

Shekara 161 bayan zuwan Barth, a watan Disamba na 2012, aka yi ƙidayar jama'a ta huɗu a Nijar. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta fitar da mutum 17,138,707 a ƙasa baki ɗaya, 3,402,094 a jihar Maraɗi. Gundumar Tasawa ta tashi da 515,852, ta Mayahi da 557,186. Dukkansu biyun ba su yi nisa da rabin miliyan ba. Sai dai halinsu ya sha bamban da na lambar ɗan kasuwa.

Kafin a ɗauko takarda, akwai abin da ido ke gani. Duka biyun cika ne ba mara ba, tunda ɗaya ta ƙare da 2, ɗaya da 6. Biyar ba ta shiga ko ɗaya, domin ba mai sifiri ko biyar a wutsiya. Huɗu kuwa alƙaluma biyu na ƙarshe ake duba mata: 52 tana rabuwa huɗu, 86 ba ta yi, saboda haka ta Tasawa ta amsa, ta Mayahi ta ƙi. Uku da tara, tara alƙaluman ake yi: na Tasawa sun ba da 26, na Mayahi 32, ba wadda uku ke shiga.

Akwai wata dabara da na fi so, domin jifa ɗaya take yi ta gwada lambobi uku. Idan lamba mai alƙaluma shida ce, yanka ta tsakiya, ka ɗebe ƙaramin ɓari daga babba. Ta Mayahi, 557 a cire 186, saura 371. Bakwai ta shiga 371 sau 53 cif, to bakwai za ta shiga uwar lambar. Ta Tasawa, 852 a cire 515, saura 337, wadda ba ta jin kiran 7 ko 11 ko 13, don haka an huta da gwada su. Sirrin abin shi ne 7 sau 11 sau 13 suna ba da 1,001, dubu da ɗaya kacal.

Daga nan sai aikin hannu. Raba 515,852 biyu sau biyu, ka samu 128,963. Gwada 17, ɗaya ta yi saura, kamar da gayya. Gwada 19, goma. Gwada 23, biyu. Sai a 29 ƙofa ta buɗe: ta shiga sau 4,447 ba ragowa. Ita 4,447 kuwa gagara-rabo ce. Ke nan lambar Tasawa 2 ce sau 2 sau 29 sau 4,447, masu raba ta 12 ne, daidai da na 60, lambar da yaro ɗan firamare ke wasa da ita.

Ta Mayahi ta fi taurin kai. Bayan an fitar da 2 da 7, abin da ya rage 39,799 ne. Mutum zai ce, har ina zan yi ta gwaji? Ba nisa. In da za ta rabu gida biyu, dole ɗaya daga cikin gidajen ya kasa 200, tunda 200 sau 200 ya ba da 40,000, ya riga ya wuce ta. Gagara-rabo da ke ƙasa da 200 guda 46 ne, su kaɗai ake bukata. Sittin da bakwai ta kusa, ta bar ɗaya. Ta ƙarshensu, 199, ita ma da ƙiris ta kuskure, domin 199 sau 200 shi ne 39,800. Ba wadda ta shiga. Sili uku ke nan kacal, 2 da 7 da 39,799, ba wanda ya maimaitu, masu raba ta takwas. Wanda ya so ya jera mutanen gundumar Mayahi na ranar ƙidaya a sahu-sahu daidai wa daida, sai dai ya yi sahu 2, ko 7, ko 14. Daga nan ba wani zaɓi sai ya tsallaka sahu 39,799 masu mutum sha huɗu-sha huɗu. Abin dariya ma, Tasawa ce mai ƙananan hukumomi bakwai, irin su Maijirgi da Korgom da Hawandawaki, amma lambarta ta ƙi bakwai da ragowar mutum ɗaya. Mayahi mai takwas, da su Kanembakashe da Sarkin Hausa, ita ta karɓi bakwai ta ƙi takwas.

Tsakanin lambobin gundumomin nan biyu wata shahararriyar lamba tana zaune. Fara da biyu ka yi ta ninkawa, 2, 4, 8, 16, a mataki na 19 za ka iso 524,288. Tasawa ba ta kai ta ba, Mayahi ta wuce ta, shi ya sa kwamfuta, da ba ta san komai ba sai sifiri da ɗaya, take rubuta ta Tasawa da gurbi 19, ta Mayahi da 20. Cire ɗaya, ka samu 524,287. A 1588 wani malamin lissafi na birnin Bolonya a Italiya, Pietro Cataldi, ya tabbatar gagara-rabo ce, ta hanyar nan da muka bi da 39,799, sai dai shi gagara-rabo 128 ne a gabansa, da alƙalami da tawada. Shekara 184 ta yi ba a san irinta da ta fi ta ba, sai a 1772 Leonhard Euler ya tabbatar da 2,147,483,647. Daga wannan dangi, na ninka biyu a cire ɗaya, aka samu wadda aka gano a Oktoba 2024, mai alƙaluma 41,024,320, wadda wani Ba'amurke mai suna Luke Durant ya tono da taimakon dubban na'urori.

Masanan dā ba su tsaya ga ƙirga masu raba lamba ba, har tara su suke yi. Ɗauki shida. Ban da ita kanta, 1 da 2 da 3 ke raba ta, in ka tara su sai su dawo maka da shida. Irin wannan ita ce kammalalliya. Sha biyu kuwa, 1, 2, 3, 4 da 6 sun ba da 16, sun zarce ta, mai rara ce. Takwas, 1 da 2 da 4 sun tsaya a bakwai, mai giɓi ce. Wannan kashi uku ya fito a littafin Nikomakus, mutumin Jarash da ke ƙasar Jodan ta yau, wajen shekara ta 100 miladiyya, kuma Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, shi ya mayar da littafin Larabci.

A wannan ma'auni, 500,000 mai rara ce, masu raba ta sun taru sun ba da 730,453. Ta Tasawa mai giɓi ce, nata sun tsaya a 418,228. Ta Mayahi ma haka, 398,014. Wannan ba abin kunya ba ne, kusan uku cikin kowace lamba huɗu masu giɓi ne. Kammalallun ne suka yi wuyar samu: 6, 28, 496, 8,128, sai kuma a yi dogon tsalle zuwa 33,550,336. Lambar Cataldi ma ta haifi tata, domin in aka ninka 524,287 da 262,144 ana samun 137,438,691,328, ta bakwai a jerin. Duk waɗanda aka sani cika ne. Ko akwai kammalalliya mara, tambaya ce da ta shekara kusan dubu biyu tana jiran amsa.

Shi Sabit ɗin nan ya yi suna a kan lambobi aminan juna. Masu raba 220 su ne 1, 2, 4, 5, 10, 11, 20, 22, 44, 55 da 110, jimlarsu 284. Masu raba 284 kuwa, 1, 2, 4, 71 da 142, jimlarsu 220. Kowace tana riƙe da 'yar'uwarta a ciki. Ibn Khaldun ya ambata a Muƙaddima cewa masu ɗalasimai suna aiki da su don haɗa soyayya. A nan gida ma lissafi da hatimi sun daɗe suna tafiya tare. Malam Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan yadda ake cika hatimi mai gidaje mara, ta yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da jimla ɗaya, kuma masu tarihin lissafi suna ambatonsa har yau.

A nan ne nake ganin ya kamata a ja layi. Dabarar cika hatimi lissafi ce tsantsa, kowa zai iya bi ya tabbatar. Amma cewa silin wata lamba suna faɗin wani abu game da mutanen da aka ƙirga, wannan ba shi da tushe. Giɓin 515,852 bai ce Tasawa na cikin rashi ba. Da ungozoma ta karɓi haihuwa ɗaya a Korgom kafin mai ƙidaya ya iso, da lambar ta zama 515,853, ta koma mara, huɗu ta fita, 29 ta fita, tara ta shigo sau 57,317. Jariri guda ya rushe ginin gaba ɗaya. Abin da kukan jariri ɗaya ke sauyawa ba zai zama sirrin gari ba.

Duk da haka ginin lamba yana ba da labari, amma labarin hannun da ya rubuta ta ne. Lamba iri biyu ce a harkar yau da kullum. Akwai wadda mutum ya yanka: farashin sa a kasuwa, sadaki, kuɗin adashi, bashin da aka yi alkawari. Irin wannan cike take da biyu da biyar, saboda da yatsu goma muke lissafi. Har gobe biyar ce ke mulkin kasuwa a Nijar, inda ƙwandalar da aka buga wa 100 sunanta dala ashirin, takardar 1,000 kuma jikka. Sannan akwai wadda aka tarar, wato aka bi gida-gida ko buhu-buhu aka ƙirga, ita kuwa ba ruwanta da jin daɗin mai rabo, ta kan zo da sili irin su 4,447. Cikin lambobi 100,000 a jere, ɗaya ce kaɗai ke ƙarewa da sifiri biyar. Saboda haka wurin ɗan kasuwar Tasawa adadi ne da aka nufa tun farko, ba wanda aka ci karo da shi ba.

Masu nazarin ƙidaya suna cin abinci da wannan bambanci. Idan aka tambayi mutane shekarunsu a inda takardar haihuwa ba ta yawaita ba, sai a ga 'yan 30 da 35 da 40 sun cika takarda, 'yan 29 da 41 kamar ba a haife su ba. Akwai ma'aunin da ake kira da sunan George Whipple, wanda ke duba masu shekara 23 zuwa 62, ya ga nawa ne shekarunsu suka ƙare da sifiri ko biyar. A ƙa'ida ɗaya cikin biyar ya kamata. In sun haura haka sosai, an san kintace ya yi yawa. Mai karatu ma zai iya yin irin wannan da kowace takarda ta shigo hannunsa. Idan aka kawo jerin ƙauyuka da yawan mabukata tallafi, ko buhunan geron da aka ce an raba, ka ga kowane layi ya ƙare da sifiri biyu, to ba ƙirga aka yi ba, a zaune aka rubuta. Kintace ba laifi ba ne in an kira shi da sunansa. Matsalar ita ce a sa masa rigar ƙidaya.

Tara ma tana da nata aikin gadi. Haɗa gundumomin biyu, ka samu 1,073,038. Don ka tabbatar ba ka yi tuntuɓe ba, matse kowace lamba har ta koma alƙalami ɗaya. Ta Tasawa 26, 2 da 6 takwas. Ta Mayahi 32, biyar. Takwas da biyar 13, wato huɗu. Jimlar kuwa alƙalumanta sun ba da 22, huɗu ita ma. Sun dace. Sai dai wannan mai gadi yana da makanta: ba ya ganin musanya. Wanda ya rubuta 515,825 a maimakon 515,852 zai wuce shi salin-alin. Amma makantar ita ma tana da amfani, domin duk lokacin da alƙaluma biyu suka yi musanyar wuri, bambancin da zai fito tara tana raba shi, kamar 27 a nan. Mai shago ko ma'ajin ƙungiya da ya ga littafinsa da akwatin kuɗinsa sun saɓa da 27, ko 180, ko 4,500, ya fara neman inda hannu ya juya alƙaluma kafin ya fara hararar yaronsa.

Wanda ya bi warwarar nan da fensir zai lura da wani abu. Ninka 29 da 4,447 aikin minti ɗaya ne. Amma a miƙo maka 128,963 a ce nemo waɗanda suka haife ta, sai ka yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi. Tufka sauƙi gare ta, warwara ce aiki, kuma kowane alƙalami da aka ƙara, tazarar ƙaruwa take. A 1977 wasu masana uku a jami'ar MIT ta Amurka, Rivest da Shamir da Adleman, suka mayar da wannan tazara makulli. A ɗauki gagara-rabo biyu manya-manya a ninka su, a bayyana wa duniya abin da ya fito don kowa ya kulle saƙo da shi, amma buɗewa sai wanda ya san silin biyu. Tsarin, wanda ake kira RSA, yana cikin abubuwan da ke tsare mu'amalar banki da shafukan intanet da ake buɗewa a wayar hannu, kuma lambar da aka fi aiki da ita a yau alƙaluma 617 gare ta. A farkon 2020 wata tawagar masana daga Faransa da Amurka ta warware irin wannan lamba mai alƙaluma 250 zuwa silinta biyu. Aikin da kwamfutocinsu suka yi tare, da ƙwaƙwalwar na'ura guda aka bar wa shi, da ta kwashe shekara wajen 2,700.